Waƙa da Zumunci a Ƙasar Daura: Mamman Shata da Sarki Muhammadu Bashar

Ƙasar Daura tana ƙuryar arewa maso gabas ta Jihar Katsina, ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce ta jigawa, damina ba ta daɗewa a cikinta, manomanta kuwa sun fi dogara ga gero da dawa da wake da gyaɗa. Wanda ya tashi daga Dutsi, garin da ke kudu maso yamma da birnin Daura, ya ratsa ta Sandamu ya nufi Zango da Baure, ko kuwa ya miƙe arewa zuwa Mai'aduwa, harshe ɗaya zai yi ta ji, da kiɗa iri ɗaya. In ma ya ƙetare iyaka ya shiga Magarya ko Matamai, ba abin da zai ga ya sake sai rigar ɗan sanda da kuɗin da a ke ciniki da su. Masu tarihi sun daɗe suna rubutu a kan rijiyar Kusugu da Bayajida da sarauniya Daurama, har ya zamana in an ambaci Daura ba abin da ke faɗo wa mutum a rai sai asali. Wannan takarda ba can ta nufa ba. Nufinta shi ne ta duba shekarun da ke tsakanin 1966 da 1999, lokacin da igiyoyin da suka ɗaure jama'ar ƙasar nan da juna suka riƙa kwancewa ɗaya bayan ɗaya, ta kuma nuna yadda waƙar wani makaɗi wanda ba ɗan ƙasar ba ne, watau Alhaji Mamman Shata, ta ɗauki wani sashe na aikin da igiyoyin nan suka saki.

Kafin a kai ga wannan, ya kamata a tuna cewa rabuwa ba baƙuwar Daura ba ce. Wajen shekarar 1805 Malam Isiyaku, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya ci birnin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa ba ta saki sarautar ba, sai ta yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan har ta zauna a Zango, wani reshe kuma ya kafu a Baure. Aka wayi gari ƙasa ɗaya ta rabu gida uku, gidajen Haɓen biyu suna zaune ƙarƙashin inuwar Damagaram, na Filani yana bin Sakkwato. Haka aka zauna kusan shekara ɗari. Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai suka yi a Daura abin da ba su saba yi ba, suka mai da sarautar hannun tsohon gida. Tsakanin 1904 da 1906 aka tabbatar da Malam Musa, aka haɗa masa ƙasar wuri ɗaya. Amma fa an ba shi da dama ne an karɓe da hagu, gama a cikin shekarun nan ne Ingila da Faransa suka shata iyakarsu, garuruwa da yawa da ke bin Daura a da suka faɗa hannun Faransa.

Ɗan Malam Musa, Sarki Abdurrahman, ya hau gado a 1911, bai sauka ba sai da mutuwa ta sauke shi a 1966, shekara 55 ke nan. An haifi mutane a zamaninsa, sun yi furfura bai gushe ba. Ko da ya ke talaka ya sha nauyin haraji da jangali da aikin tilas, ya san inda kowace magana ta ke bi: daga mai unguwa sai dagaci, sai hakimi, sai Sarki, bayansa kuma Di'o da Razdan. Wanda aka zalunta ya san ƙofar da zai je ya yi kuka, ko da ba a share masa hawaye ba.

Kiɗa ma yana da irin wannan tsari, kowane rukuni na jama'a da nasa. Tambari da kakaki na Sarki ne, ba a yi wa wani su. Taushi da kotso da jauje na sarakuna ne da manyan hakimai. Manoma suna da gangar noma, maƙera suna da dundufa. Kalangu kuwa yana can ƙasa, kiɗan mahauta ne da 'yan dambe da 'yammata a dandali. Makaɗin fada ya kan gaji sana'arsa, yana da ubangida guda wanda ke ba shi riga da doki da hatsi, shi kuma ya san asalin gidan, ya san wanda ya haifi wane, ya san 'yan sarkin da ke harin gadon, waɗanda za a jefa wa habaici. M. G. Smith, mutumin Jamaika wanda ya yi bincike a Zazzau da Daura, ya rubuta maƙala a kan roƙo a 1957, daga baya kuma ya fitar da littafinsa The Affairs of Daura a 1978. Abin da ya gani shi ne maroƙi yana shelar abubuwan da jama'a ke girmamawa, watau asali da muƙami da kyauta, yana kuma tsare su da bulalar zambo, domin wanda ya ƙi bayarwa ya san abin da zai biyo baya. Maganarsa daidai ce ga zamanin da ya gani. Sai dai a lokacin da ya ke rubutun nan, an riga an sami makaɗin da wannan ma'auni ba zai iya auna shi duka ba.

An haifi Mamman Shata a Musawa, ta ƙasar Katsina, a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafilatani ne, bai kuwa so ɗansa ya shiga roƙo ba, don ba sana'ar gidansu ba ce. Shata shigege ne, ba ɗan gado ba. Ya fara da tallar goro da alewa, yana waƙa a dandali don nishaɗi, sa'an nan ya bar gida ya zauna Bakori, ya zauna Funtuwa, ya zauna Kano. Sunansa ya fito sarari a 1952, a wani babban biki da aka yi wa 'ya'yan sarautar Kano, wanda a ke kira Bikin 'Yan Sarki. Abin da ya zo da shi sabo abu biyu ne. Na fari, ya ɗauki kalangu, kiɗan da ba shi da daraja a fada, ya shiga da shi ko'ina, gaban sarki da gaban direba, ba ya sake ganga don ya sake mai sauraro. Na biyu, ba ya zama gida ya tsara waƙa da yaransa kwana da kwanaki kamar yadda makaɗan fada su ke yi. Ya kan kafa gajeren amshi ne, 'yan amshi su riƙe, makaɗa su riƙe, shi kuwa ya yi ta zuba abin da idonsa ya gani da abin da ya tuno. Saboda haka duk wanda ya zo wurin wasansa yana iya jin sunansa ko sunan garinsu ya shiga waƙa nan take, kuma ba a cika samun waƙarsa guda ta fito iri ɗaya sau biyu ba.

Da a ce a zamanin Malam Musa aka yi shi, da muryarsa ta tsaya inda ƙafarsa ta tsaya. Amma ya yi dace da na'ura. An buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957, gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna ya fara aiki a 1962, ƙananan akwatunan rediyo masu batir suka shiga ƙauyuka, ana rataye su a teburin mai shayi, ana ajiye su tsakiyar zaure. Faifan garmaho ya zo, bayansa kaset ya bazu a shekarun 1970. Hausawa su kan ce zumunta a ƙafa ta ke. To, ga wani abu ya zo wanda ke kai murya inda ƙafa ba ta je ba, manomi a Dutsi da ɗan'uwansa mai sayar da goro a Kumasi suna jin waƙa ɗaya a dare ɗaya.

Ana cikin haka sai shekarar 1966 ta zo. Ran 15 ga Janairu soja suka kashe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, gwamnatin Jihar Arewa ta rushe a dare guda. Cikin ministocinta akwai Wamban Daura, Muhammadu Bashar, jikan Sarki Abdurrahman, wanda aka haifa a 1926, yana riƙe da ma'aikatar tsara tattalin arziki. A cikin wannan shekara kuma kakansa ya rasu, aka naɗa shi Sarkin Daura. Ya bar kujerar da ta rushe ya hau gadon da ya ke shirin raguwa. A watan Yuli aka sake juyin mulki, a watan Mayu na 1967 aka yanka Jihar Arewa gida shida, Daura ta faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya, daga Yuli na shekarar nan har Janairu na 1970 kuwa ana yaƙin basasa. A cikin shekarun yaƙin da kaɗan bayansu gwamnati ta karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e, ta karɓe gidajen yari, ta haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya gama da En'e ɗungum, dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye hannun gwamna, a 1979 kuma gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda Daura ke cikinta a lokacin, kafin a yanke Jihar Katsina a 1987.

Talakawa da yawa sun yi murna da waɗannan sauye-sauye, suna kuwa da hujja. Amma a tsaya a duba abin da ya rage wa sarki bayan an raba shi da kotu da kurkuku da ɗan doka da haraji. Ba abin da ya rage sai girma, shi kuwa girma ba a rubuta shi a takardar doka ba, a bakin mutane ya ke zaune. A zamanin Abdurrahman makaɗi ado ne a kan iko, ko ba shi ikon yana nan. A zamanin jikansa kuwa makaɗi ya shiga cikin ginshiƙan da ke riƙe da sarautar kanta. Wannan shi ne abin da ya sa dangantakar Muhammadu Bashar da Shata ta cancanci a dube ta da idon tarihi.

Shata bai zama makaɗin fadar Daura ba. Ba a naɗa masa rawani a kan wannan aiki ba, bai tare a birnin ba, bai kuma daina yi wa wasu waƙa ba. Ya kan zo Daura lokutan Salla ya yi wasa a gaban Sarki, ya koma inda ya fito. Duk da haka kowa ya san Sarkin Daura ne babban ubangidansa, waƙar da ya yi masa kuwa tana cikin waɗanda suka fi shahara a dukan waƙoƙinsa. Amshinta gaisuwa ce irin ta fada, tana jingina Sarkin ga Malam Musa, kakan mahaifinsa. Wanda bai san tarihin Daura ba zai ɗauka ambaton asali ne kawai irin na kowane maroƙi. Wanda ya sani kuwa zai ga an zaɓi sunan mutumin da ya dawo da sarautar gida bayan shekara ɗari tana waje, aka haɗa ƙasa a hannunsa. A lokacin da a ke ta yanka jihohi ana kwashe ikon fada, sunan nan yana faɗa wa mutanen Daura cewa gidan ya taɓa ganin abin da ya fi wannan, bai kuwa ɓace ba.

Yana da amfani a gwada wannan waƙa da wadda Alhaji Musa Ɗanƙwairo na Maradun ya yi wa Sarkin nan. Ɗanƙwairo ɗan gado ne, makaɗin kotso, ya yi wa Sardauna waƙa, ya rasu a 1991. Waƙarsa ta Sarkin Daura ginanniya ce, shi da yaransa suna karɓa-karɓa, kowane ɗa na waƙar an daidaita shi tun kafin a fito, Hausar kuwa ta Zamfara ce mai nauyi, cike da kirarin fada da habaicin da ba mai gane shi sarai sai wanda ya san gidan sarauta. In a kan gwanintar saƙa ne irin ta makaɗan sarauta, ta Ɗanƙwairo ta fi. Ta Shata sassauƙa ce, yaro mai kiwon awaki yana iya kama amshinta daga ji ɗaya, kalangu kuma yana sa ƙafa motsi ko mutum bai so ba. Ita ce ta fita daga fada ta shiga tasha da kasuwa da gidan biki, har mutanen da ba su taɓa taka Daura ba, a Yamai ko Ikko ko Kartum, suka san sunan Sarkinta.

Wannan ɓangaren Sarki ke nan. Ɓangaren talaka ya fi shi faɗi, ya kuma fi wuyar kamawa, don ba a rubuta shi a ko'ina ba. Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin cin rani, amma shekarun nan sun mai da cin rani ƙaura. Sojan Nijeriya, da ba su wuce dubu 10 ba kafin yaƙi, sun kai wajen dubu 250 da aka gama shi, samari da yawa daga ƙauyukan Arewa suna ciki. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi, ya koro mutanen Nijar kudu. A 1975 cuta ta cinye gyaɗa, dalar gyaɗa ta Kano ta tafi ba ta dawo ba, manomin Daura ya rasa abin da ya ke sayarwa ya sami kuɗi. Kuɗin man fetur kuwa suna birane. Sai matasa suka bi su, wani gadi a Ikko, wani ga-ruwa a Kano, wani leburan gini a Kaduna. Ko kuɗin da a ke ƙirgawa ma sun sake a 1973, fam da sule suka ba naira da kwabo wuri.

Waƙoƙin Shata sun bi mutanen nan duk inda suka shiga, domin shi ma irinsu ne, ɗan ƙauye wanda ya bar gida. Ya yi wa soja waƙa lokacin yaƙi. Ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da manoma. Ya yi wa Umaru Ɗanɗanduna na Gwandu, ya yi wa Sarkin Bori Sule, mutanen da ba don shi ba da sunansu bai wuce garuruwansu ba. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a watan Yuli na 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, ya jawo wannan abin al'ajabi ya shigar da shi hirar zaure. Wata ɗabi'a tasa da ta dace a lura da ita ita ce jera sunayen garuruwa da na mutanen da ya sauka wurinsu, yana bin hanya zango zango kamar mai ba da labarin fatauci. Ga wanda ke zaune gida wannan ba wani abu ba ne. Ga mai gadi da ke kwana a ƙofar wani kanti a Ikko, ranar da ya ji an ambaci garinsu daga cikin akwatin rediyo, ranar ya san ba a manta da inda ya fito ba.

Iyaka ma ba ta tare wannan murya ba. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari, wanda shi kansa ɗan Daura ne, ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe su ba sai a watan Maris na 1986. Shekara ce ta fari a Nijar, kasuwannin bakin iyaka irin ta Mai'aduwa suka ji jiki, dangi a Kwangwalam da dangi a Magarya suka koma bin hanyoyin daji. Amma ba jami'in kwastan da ya iya tsai da rediyon Kaduna, kaset kuwa yana shiga aljihu.

Ba daidai ba ne a kawo wannan duka a ɓoye abin da masu suka su ke faɗa, gama sukarsu tana da ƙarfi. Tun zamanin jihadi malamai su ke ƙyamar kiɗan wasa da yabon masu mulki don abin duniya, Shata kuwa ya ba su abin kamawa da waƙarsa ta mashaya. 'Yan boko masu ra'ayin sauyi su ma suna da tasu magana. A Hausa kalma ɗaya ce, waƙa, ta haɗa abin da Shata ke yi da abin da Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja su ka bari kafin rasuwarsu a 1958, da abin da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu su ka ci gaba da yi a Kano. To, waɗannan marubuta suna da manufa, suna gargaɗi, suna jayayya da sarakuna da Turawa da jahilci, an buga waƙoƙinsu a Zariya ana karanta su a makarantu. Shata fa? A ganin masu sukar, ya yabi duk wanda ya ba shi mota ko doki ko kujerar Makka, ya yi wa wanda ya saɓa masa zambo mai zafi, irin na waƙar Gagarabadau, ya kuma yabi kansa a Bakandamiya fiye da yadda ya yabi kowa. A siyasa ma bai tsaya wuri ɗaya ba, a jamhuriya ta biyu ya fara da GNPP ya koma NPN, a ta uku ya shiga SDP.

Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya nemi tsararren ra'ayin siyasa a waƙoƙin Shata zai sha wahalar banza. Amma masu sukar sun haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Wanda aka yi wa waƙa shi ne ya biya, wanda ya ji ta kuwa bai biya kome ba, kuma abin da ya samu a cikinta ba shi ne abin da mai biyan ya saya ba. Attajiri ya sayi suna. Lebura ya sami harshen garinsu, da dariya, da labarin duniya a cikin kalmomin da ya sani. Game da Sarkin Daura kuma, zancen kuɗi kaɗai ba ya warware al'amarin. Daura ƙaramar masarauta ce, ƙananan hukumomi 5 gare ta cikin 34 na Jihar Katsina, ba ta da masana'antu, kuma a zamanin kuɗin fetur akwai attajirai a Kano da Kaduna waɗanda ke iya ba makaɗi a dare ɗaya abin da fadar Daura ba za ta iya ba. Mutumin da ya sauya gari sau da yawa, ya sauya jam'iyya sau da yawa, bai sauya wannan ubangida ba har ya mutu. Tsohuwar barantaka ta makaɗan fada gado ce, ba wanda ya zaɓe ta. Wannan kuwa mutum biyu ne su ka zaɓi juna, kowannensu yana da ikon ya juya baya, su ka riƙe amana shekaru masu yawa.

Jami'o'i sun yi saurin gane darajarsa fiye da yadda a kan zata. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a cikin al'umma. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, gwamnatin tarayya kuma ta ba shi lambar MON. Mai tallar alewa na Musawa, wanda mahaifinsa ya ji kunyar sana'arsa, ya sa rigar malaman jami'a.

A ƙarshen rayuwarsa ciwo ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti a Jidda, aka dawo da shi Kano. Ya rasu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ran Jumma'a 18 ga watan Yuni 1999, mako uku bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula. Al'adar Hausawa Musulmi ita ce a gaggauta rufe mamaci, galibi a garin da ya cika ko inda iyalinsa su ke. Garuruwa uku suna da hujjar neman gawarsa: Musawa tana da asalinsa, Funtuwa tana da gidansa, Kano kuwa nan ya cika. Ba ko ɗaya da ta samu. Aka ɗauke shi tafiyar fiye da kilomita ɗari zuwa Daura, kamar yadda ya so, aka yi masa salla Sarki Muhammadu Bashar yana wurin, aka rufe shi a can. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa uku su ka fitar da tarihin rayuwarsa mai suna Shata Ikon Allah! A watan Fabrairu na 2007 Sarkin ya rasu bayan shekara 40 a kan gado, Alhaji Umar Faruk Umar ya gaje shi.

Rashin tabbas bai bar ƙasar ba bayansu, kama ya sake. A watan Mayu na 2019 'yan bindiga su ka ɗauke Magajin Garin Daura daga ƙofar gidansa, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. A watan Agusta na shekarar aka sake rufe iyaka har zuwa Disamba na 2020, watan da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A garuruwan da harin ya fi tsanani, yamma da kudancin jihar, taron dare ya zama abin tsoro, shi kuwa kiɗan kalangu da dare ya saba tashi. Mawaƙan da su ka biyo baya sun fi aiki da fiyano a ɗakin ɗaukar murya, inda ba taron da zai sa mawaƙi ya sake baiti don ya hango wani ya shigo. Yadda a ke sauraro ma ya sake, akwatin rediyo guda da ke tara mutum ashirin a zaure ya ba wayar hannu wuri, kowa da tasa a kunne. Waƙoƙin Shata sun bi wannan hanya su ma, daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa waya da intanet, ana tura wa juna su. Direbobin da ke jigila tsakanin Katsina da Daura ta Mashi da Shargalle, da masu zuwa kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, har yanzu su kan sa waƙar Sarkin Daura a mota, fasinjojin da aka haifa bayan rasuwar makaɗin suna karɓa amshi.